Yadda Ake Shiga Gasar Jifan Kibiya ta Masu Koyo, da Yadda Ake Shirya Ta

Ranar da na fara shiga gasar wasan jifan kibiya, wanda Turawa ke kira dats, inda ake jefa ƙananan kibiyoyi da hannu a zagayayyen allo mai lambobi, a wani kulob ne na ma'aikata a arewacin Ingila. Na biya kuɗin shiga, aka haɗa ni da wani dattijo mai furfura wanda ko magana bai cika yi ba. Kafin in gama gyara tsayuwata ya cinye ni uku da babu. Duka-duka ban yi minti goma a gaban allo ba. Daga nan aka miƙo mini alli aka ce wanda ya faɗi shi ke rubuta makin wasa na gaba. Na rubuta, na ɗauki jakata na kama hanyar gida. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Irin wannan kashin ne ya sa aka fito da gasa mai iyaka. Za ka ga sanarwa an rubuta "ƙasa da 45" ko "ƙasa da 55" ko "ƙasa da 65". Wato duk wanda matsakaicin makinsa ya haura wannan lamba ba shi da gurbi a ciki. Kamar dai yadda ake raba 'yan dambe da 'yan kokawa aji-aji gwargwadon nauyi, sai dai a nan ba jiki ake aunawa ba, hannu ake aunawa. Tun da Luke Littler ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya yana ɗan shekara 16 a Janairun 2024, ya kuma dawo ya ɗauki kofin a Janairun 2025 yana da shekara 17 bayan ya doke Michael van Gerwen da ci 7 da 3 a Alexandra Palace da ke Landan, sababbin 'yan wasa suka cika kulob-kulob a Birtaniya, irin wannan gasa kuma ta yawaita. Gaba ɗaya abin a kan lamba ɗaya yake tsaye, matsakaicinka. In ka san ta da gaskiya, ka zaɓi gasar da ta dace da kai. In mai shirya gasa ya iya tsare ta da gaskiya, gasar za ta ɗore.

Mataki na farko: kafa allo daidai

Lambar da ka samu a allon da aka rataye a karkace ko aka matso da shi kusa ba taka ba ce. Daga ƙasa zuwa cibiyar allo mita 1.73 ne. Daga fuskar allon, ba daga bango ba, zuwa layin jifa mita 2.37 ne. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da duka biyun a lokaci guda ita ce ka ja awo daga cibiya a karkace zuwa layin da ke ƙasa. Ya kamata ya ba ka mita 2.93. Wannan na kibiya mai bakin ƙarfe ne. Masu wasa da na'ura mai kibiyar bakin roba suna tsayawa a mita 2.44.

Ka sayi allon da aka yi da zaren sisal, ba na takarda ba, kada kuma ka taɓa jiƙa shi da ruwa. Lambar 20 ce a sama, a kan yanki mai duhu. Duk bayan 'yan kwanaki ka cire zoben lambobi ka juya allon kaɗan don kada wuri ɗaya ya rarake. Kibiya kuwa, yawancin mutane masu nauyin giram 21 zuwa 26 suke riƙewa. Ta tagulla ta fi araha amma kauri gare ta. Ta ƙarfen tungsten mai nauyi siririya ce, uku suna shiga wuri ɗaya ba tare da sun ture juna ba. Ka samu guda uku masu nauyin 22 ko 23 ka zauna a kansu. Mai sauya kibiya kowane mako ba ya taɓa sanin ko hannunsa ne ke gyaruwa ko kayan ne.

Mataki na biyu: san lambarka

A nan zan daɗe, domin nan ne mutane ke yaudarar kansu.

Wasan da ake yi a kusan kowace gasa shi ne 501. Kowa yana farawa da 501, ana jifa uku-uku, ana cire abin da aka samu, wanda ya riga kai sifili shi ya ci. Wannan tafiyar daga 501 zuwa sifili ita ake kira leg. Jifa ukun da mutum ke yi a zuwa ɗaya bari mu kira shi hannu. Siririn zoben da ke bakin allo shi ne dabul, yana ninka lamba sau biyu. Siririn zoben ciki shi ne tirebul, yana ninkawa sau uku. Koren da ke kewaye da cibiya 25 ne, jar cibiyar kanta 50. Sharaɗin da ke wahalar da kowa shi ne, dole kibiyar ƙarshe ta faɗa dabul ko jar cibiya. In ka zarce abin da ya rage maka, ko ka bar 1, ko ka kai sifili ba da dabul ba, hannun ya ɓaci, ka koma inda kake.

Matsakaici shi ne makin da kake samu a kowane hannu. Ka tara duk makin da ka samu, ka raba da yawan kibiyoyin da ka jefa, ka ninka sau uku. In ka gama leg da kibiya 30, matsakaicinka 50.1 ne. Da 36, 41.75. Da 45, 33.4. Da 24, kusan 62.6. Manyan da kake gani a talabijin suna gamawa da 15 ko ƙasa, wato 100 zuwa sama; van Gerwen ya taɓa yin 123.40 a wasa guda a 2016. Kada wannan ya dame ka, wata duniya ce daban.

Ga misali na leg uku. Na farko ka ci da kibiya 33, ka samu 501. Na biyu an cinye ka bayan ka jefa 30, saura 64 ya rage maka, wato ka samu 437. Na uku ka ci da 39, 501 kuma. Jimillar maki 1,439, jimillar kibiya 102. Raba, ka ninka uku, ka samu 42.3. Ka lura, leg ɗin da aka cinye ka ma yana cikin lissafi, haka kibiyoyin da ka ɓarar kana neman dabul, haka hannun da ya ɓaci ka tashi da sifili.

Kuskuren sababbi guda biyu ne. Na ɗaya, mutum ya riƙe ranar da hannunsa ya yi daɗi ya ce ai ni ɗan 60 ne. Leg ɗaya ba ya nuna komai. Ɗan 42 yana iya dacewa ya gama da kibiya 21, wanda ya kama 71.6, sannan a na gaba ya maƙale a dabul har ya jefa 50. Na biyu, mutum ya duba matsakaicin kibiya tara na farko, wanda manhajoji ke nunawa a gefe, ya ɗauka shi ne nasa. Wancan kullum ya fi tsawo saboda ba a kai ga neman dabul ba tukuna. Gasa da cikakken matsakaici take aiki.

Shawarata, ka buga leg 30 aƙalla, a ranaku daban-daban, ka rubuta kowane ɗaya, mai kyau da mummuna. Manhajar DartCounter ko n01 za su yi maka lissafin a waya, kuma za ka iya karawa da kwamfuta ko da wani ta intanet. Gara ka kara da wani a kan ka yi ta jifa kai kaɗai, domin abokin karawa yana katse maka leg kamar yadda zai faru a gasa. Sannan ka sa a ranka cewa lambar ɗakinka ta fi lambar da za ka yi a gaban mutane. A gida babu mai tsaye a bayanka, babu hayaniya, allon ka saba da haskensa. Yawancinmu muna sauka da maki da dama a ranar farko.

Ba ko'ina ake auna mutum da wannan ma'auni ba. A Amurka, masu wasan na'ura suna lissafa maki a kowace kibiya ɗaya, don haka ɗan 15 a can shi ne ɗan 45 a Ingila. A Japan na'urorin Dartslive suna ba mutum daraja daga 1 zuwa 18. A Jamus akwai rukunin C da B da A. In ka ga sanarwa, fara tambayar da wane ma'auni ake magana.

Mataki na uku: zaɓi gasa, ka karanta ƙa'idarta

A Birtaniya yawancin irin wannan gasa ana yin rajistarta a shafin intanet na Darts Atlas ko a bi makinta da manhajar DartConnect, ana kuma tallata ta a Facebook. Amfanin waɗannan shi ne duk wasan da ka buga yana nan a ajiye da sunanka, mai shirya gasa yana iya dubawa. Ka buɗe suna ɗaya, na gaskiya, ka tsaya a kansa.

In lambarka 42 ce, ƙasa da 45 ko ƙasa da 50 ce taka. An yarda ka shiga ta sama da kai, ƙasa da 60 misali, kuma yana da kyau ka riƙa leƙawa jefi-jefi don ka ga inda ka dosa. Abin da ba a yarda ba shi ne ka sauko ƙasa da ajinka. Kafin ka biya, ka tambayi abu huɗu: da wane tarihi ake tantance mutum, me ake yi wa wanda ya haura iyaka a ranar, leg nawa ake bugawa, sannan rukuni ake farawa da shi ko faɗuwa ɗaya sallama. Ga mai koyo na ƙarshen nan ya fi komai. Gasar da ta fara da rukuni tana ba ka wasa uku ko huɗu ko da ba ka ci ko ɗaya ba. Ta faɗuwa ɗaya kuwa, ka ji yadda ta kaya da ni.

Wani abu da mai karatu zai so ya sani: wasan nan a mashayun Ingila ya girma, kuma har yau da yawa a can ake yinsa. Amma akwai waɗanda ake yi a zauren unguwa, da shagunan sayar da kayan wasan, da makarantun horar da yara, da kuma ta intanet kana ɗakinka da kyamara a kan allo. Wanda ba ya son zama inda ake shan giya yana da zaɓi, sai dai ya tambaya tun kafin ya fita. Mata kuma ana damawa da su. A Disambar 2019 Fallon Sherrock ta doke Ted Evetts ta zama mace ta farko da ta ci wasa a gasar duniya ta PDC, ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan, a gasar masu koyo kuwa maza da mata a jaka ɗaya ake zuba sunayensu.

Mataki na huɗu: atisayen da ke cin irin wannan gasa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma me za ka yi atisaye a kai? Sabon ɗan wasa yakan kwashe awa guda yana jifan tirebul 20 yana mafarkin 180, maki mafi yawa da ake samu a hannu ɗaya. A gasar ƙasa da 50, ba mai yawan maki ke ci ba, mai saurin samun dabul ne. Sau nawa na ga mutum ya riga abokin karawarsa isa da tazarar 150, ya tsaya yana ta kewaya dabul, wancan ya taho a hankali ya same shi ya wuce.

Ka dubi yadda aka jera lambobin. Tsarin, wanda ake dangantawa da wani kafinta ɗan Lancashire mai suna Brian Gamlin a 1896, an yi shi ne don ya hukunta mai kuskure: 20 tana tsakanin 5 da 1. Shi ya sa 26 ta zama makin da masu koyo suka fi sani, 20 da 5 da 1. Lambar 19 kuwa tana tsakanin 7 da 3, 14 tana tsakanin 11 da 9. Wasu masana lissafi uku, Ryan Tibshirani da Andrew Price da Jonathan Taylor, sun wallafa bincike a 2011 da ya nuna cewa tirebul 20 ta ƙwararru ce. Wanda hannunsa ke ɗan warwatsewa ya fi samun maki a wajen 19, wanda kuma ke warwatsewa sosai gara ya nufi kusa da tsakiyar allo. Gwada da kanka: hannu 30 a kan 20, hannu 30 a kan 19, ka tara ka gani. Ba abin kunya ba ne. Allon maki bai san inda ka nufa ba.

Sai hanyar sauka, wato yadda ake kai sifili da dabul. Lambar da ta fi alheri ga mai koyo ita ce 32. Ka nufi dabul 16. In ta faɗa ciki ka samu 16, saura 16, sai dabul 8, wadda ke maƙwabtaka da ita, ba sai ka sauya tsayuwa ba. In ta sake faɗawa ciki, dabul 4, sai 2, sai 1. Sau biyar kana da dama ba tare da ka ɓata kibiya wajen gyara ba. Lambar 40 ma tana da kyau, dabul 20 sai dabul 10, amma daga nan dabul 5 ce, in ka faɗa ciki ka bar 5, dole ka kashe kibiya ɗaya ka mai da ita cika.

Ka haddace 'yan waɗannan, don suna da yafiya ko hannu ya kauce. In saura 48, nufi tsakanin 16 da 8: in 16 ce ka bar 32, in 8 ce ka bar 40. In saura 42, nufi tsakanin 10 da 6: ka bar 32 ko 36. In saura 46, wurin dai: 6 ta bar 40, 10 ta bar 36. In saura 35, nufi 3 ka bar 32, in ta zame 19 ka bar 16. In saura 39, nufi 7, in ta zame 19 ka bar 20. In saura 60, 20 sai dabul 20, amma ka nufi babban yankin sama, domin in ta faɗa tirebul ka kai sifili ba da dabul ba, hannun ya ɓaci. Manyan lissafi irin su 170, wanda shi ne mafi girman abin da ake iya gamawa da kibiya uku, bar su tukuna.

Akwai wasan atisaye da Bob Anderson, zakaran duniya na 1988, ya ƙirƙiro. Ka fara da maki 27, ka jefa uku a dabul 1, sai dabul 2, har zuwa 20 da cibiya. Duk wadda ta shiga ka ƙara darajar dabul ɗin. In duka uku suka kuskure ka cire darajarta sau ɗaya. In ka faɗi ƙasa da sifili wasa ya ƙare. Makon farko ba za ka wuce dabul 5 ko 6 ba. Ci gaba da yi. Minti ashirin na wannan kullum ya fi awa biyu na jifan banza ranar Asabar.

Mataki na biyar: ranar gasa

Je da wuri, ka yi rajista, ka samu minti goma sha biyar a allon wurin. Riƙe fikafikai da sandunan bayan kibiya na ko-ta-kwana a aljihu, domin kibiya takan hau bayan 'yar'uwarta ta tsaga ta. Sa takalmi rufaffe. Kibiyar da ta bugi wayar ƙarfen da ke raba yankunan allo ta dawo ba ta san yatsa ba, kuma kada ka taɓa kai hannu ka cafe ta.

Kafin wasa kowa zai jefa ɗaya a cibiya, wanda ya fi kusa shi ke fara leg na farko, daga nan a riƙa karɓa-karɓa. Ka tsaya a bayan mai jifa, ba a gefensa ba, ka yi shiru, kada ka riƙa kaɗa kibiyoyi a hannu. Ƙafarka kada ta haura layi. Kibiyar da ta faɗo ba ta da maki, ba a kuma sake jefa ta. Kada ka zare kibiyoyinka sai marubuci ya faɗi maki kun yarda. Da zarar ka zare, gardama ta ƙare. Kana da damar tambayarsa nawa ka samu ko nawa ya rage, amma ba zai gaya maka inda za ka jefa ba.

Rubutun maki shi ne abin da sababbi suka fi tsoro, fiye da wasan ma. In da kwamfutar hannu ake yi, maki kawai za ka danna. In alli ne, ka tsaya cik kana fuskantar allo, kada ka juya kana kallon mai jifa, kada ka leƙa kafin ya gama uku. Dabarar cirewa: in mutum yana da 387 ya samu 58, cire 60 ka samu 327, ka mayar da 2, 329. A gasar masu koyo babu mai yi maka dariya in ka ɗan daɗe. Kowa a ɗakin da yatsu ya fara.

Sai kuma rawar hannu. Za ta zo, musamman in ka sauko har dabul 1, wadda 'yan wasan Ingila ke yi wa laƙabi da gidan mahaukata. Na taɓa tsayawa a can ni da abokin karawata, shi yana da 2 ni ina da 2, muka yi ta kai da kawowa har marubucin ya jingina da bango, masu jiran allo suka fara ƙirga mana hannu da ƙarfi. Abin da ke taimakona shi ne in ja da baya taki ɗaya, in sauke numfashi, in sake kafa ƙafa, in jefa da saurin da na saba. Mai tsoro yakan rage ƙarfi ya tura kibiyar kamar yana lallashinta, sai ta faɗi ƙasa da waya. Jefa ta sosai.

In kai ne mai shiryawa

A ce kana da allo huɗu da mutum 16. Raba su rukuni huɗu, mutum hurhuɗu, kowane rukuni da allonsa. Wasa shida ke nan a kowane allo, 24 gaba ɗaya. Wanda ya riga cin leg biyu ya ci wasa. Mai koyo yana ɗaukar minti shida zuwa takwas a leg, don haka ka ware kamar awa biyu ga rukuni. Biyun sama na kowane rukuni su tafi gasar kofi, biyun ƙasa su tafi gasar faranti, kowacce wasa bakwai. Da haka babu wanda zai koma gida bai buga wasa huɗu ba, kuma cikin awa huɗu zuwa biyar an tashi. In mutum biyu suka yi kunnen doki a rukuni, a duba bambancin leg, sannan wanda ya ci a karawarsu. Rubuta wannan tun kafin a fara.

Ka sa iyakar kibiya. In kowa ya jefa 45 ba wanda ya gama, a raba da jifa ɗaya a cibiya. In ba haka ba allo ɗaya zai riƙe maka gasa gaba ɗaya. Ga 'yan ƙasa da 40 kana iya mai da wasan 301, amma ka sani matsakaici a 301 yana fitowa ƙasa da na 501, tunda rabon kibiyoyin da ake kashewa a dabul ya fi yawa. Kada ka gwama lambobin biyu.

Babbar matsalarka ita ce kura da fatar akuya, wato gwanin da ya ɓoye hannunsa don ya kwashe kyauta. Mutum ɗaya irin wannan ya isa ya kore maka sababbi goma, don ba za su yi ƙorafi ba, daina zuwa kawai za su yi. Ga yadda nake ganin ya fi. Wanda ke da tarihi a manhaja, a ɗauki matsakaicinsa na watanni uku zuwa shida na baya, na wasan gasa ba na gida ba. Wanda ba shi da tarihi, a karɓe shi da sharaɗin cewa lambar da ya yi yau ita ce tasa daga yanzu. Kada ka kori mutum saboda leg ɗaya ko wasa ɗaya; mun ga yadda ɗan 42 ke iya yin 71 da sa'a. Ka duba matsakaicinsa na rukuni gaba ɗaya, ka bar rata kamar maki biyar a saman iyaka. In gasar ƙasa da 50 ce mutum ya gama rukuni da 53, ranarsa ce ta yi kyau, a bar shi. In ya gama da 64, ba ajinsa ba ne, a mayar masa da kuɗinsa cikin mutunci a nuna masa gasar da ta dace da shi.

Ka kuma lura da wanda ke sauka da gudu sannan ya yi ta ɓarar da kibiya a dabul da gangan don ya danne lambarsa. A nan ne matsakaicin kibiya tara na farko ke da amfani: in tara na farko suna ba shi 75 amma cikakken ya tsaya 48, wasa bayan wasa, kuma dabul ɗin ba ta kuskure masa sai lokacin da abokin karawa yake nesa, ka san abin da ake ciki.

Hanya mafi sauƙi ta rage wannan duka ita ce kada kyautar ta yi tsoka. Kuɗi mai yawa a gasar masu koyo kiran kura ne. Kofi, sabon saitin kibiya, riga, sun isa. Wasu kuma ba sa sakin jiki da tsarin da ake tara kuɗin shiga a bai wa wanda ya ci. In jama'arka irin waɗannan ne, kuɗin shiga ya tafi ga hayar zaure da sayen allo, kyautar ta fito daga wani mai tallafi. Sannan ka kafa dokar hawa: wanda ya ɗauki kofi sau biyu, ko matsakaicinsa ya zauna a saman iyaka gasa uku a jere, ya wuce aji na gaba. Wannan yana nufin dole ka tanadi ajin na gaba, ko da allo ɗaya ne a lungu ga mutum shida, don kada wanda ya ƙware ya rasa wurin zuwa.

Kayan aikin ranar ba su da yawa: fitila a kan kowane allo wadda ba ta jefa inuwa, zoben roba a kewayen allo don kare bango, layin jifa mai ɗan tudu ko tef mai kauri, tazarar da ta isa tsakanin allo da allo yadda mai zare kibiya ba zai shiga gaban mai jifa ba, da takardar hanyoyin sauka daga 2 zuwa 100 a manne a gefen kowane allo. Bayan an tashi, ka fitar da matsakaicin kowa ka aika musu a daren, tun kafin wani ya fara tuna cewa shi ɗan 60 ne. Da wannan jerin za ka raba rukunin wata mai zuwa.